Igiyar da Baba Ya Yanke

Babana ya yi shekara talatin da wani abu yana sayar da guga a kasuwar Azare, amma bai taɓa sayar da igiya ba. Guga kowane iri akwai a rumfarsa, na robar taya, na yankakkiyar jarka, har da na fata don masu son tsohon yayi. In mai saye ya ce a haɗa masa da igiya, sai Baba ya nuna masa rumfar da ke kallon tasa, ya ci gaba da ɗinkinsa. Mai wannan rumfar ɗan kudu ne da ya daɗe a garin, har ya fi ni iya karin magana, kuma yakan ce duk rana sai ya yi wa Baba addu'ar tsawon rai. Baƙi sukan ɗauka yarjejeniya ce tsakanin maƙwabta. Mu 'yan gida mun san dalili, duk wanda ya fito daga garin Katagum ma ya sani.

Kafin guga, Baba mahaƙin rijiya ne, gado ya yi wajen ubansa. Abin da aka san shi da shi a Katagum shi ne cin ƙasa. Duk gaba guda da ya haƙa, wato tsawon hannu biyu a ware, sai ya tsinci 'yar ƙasa ya ɗora a harshe, ya murza ta da haƙoran gaba, ya tofar. Daga nan zai faɗi saura gaba nawa a kai ruwa, kuma ko mai daɗi ne ko zartsi. Da wuya ya kuskure. Inna takan ce ta auri mutumin da ba ya kushe miya, don bakin da ya saba da yumɓu komai aka ba shi daɗi ne.

Ina da shekara bakwai abin ya faru. Ban kasance a wurin ba, amma na ji labarin daga bakin kowa, ban da bakin Baba. Wani Bafulatani mai fataucin shanu, wanda yanzu ake ce wa Alhaji, lokacin saurayi ne mai ji da ƙarfi, ya ɗauki Baba ya haƙa masa rijiya a lambunsa, kan tudun da ke kallon fadama. Aiki ya tafi daidai har gaba takwas. A nan Baba ya fasa wata baƙar ƙasa mai laushi, cike da ruɓaɓɓen itace. Ya ɗanɗana, ya ji abin da bai taɓa ji ba, kansa ya fara juyawa, ya girgiza igiya aka jawo shi. Da ya farfaɗo ya sa aka zura fitila. Waɗanda suka leƙa sun ce harshen wutar ya miƙe, ya yi shuɗi, ya mutu. Baba ya ce wannan rijiya an gama da ita, a rufe.

Alhaji ya ce atafau. Ga danshi an gani, ruwa bai fi kamu ɗaya ba, rijiya ta ba da ruwa guga zai hana. Ya tuɓe riga ya ce shi zai shiga ya nuna wa Babarbare, wato Baba, yadda maza suke yi. Baba bai yi musu da shi ba. Wuƙa ya zaro ya bi igiyarsa, gaba goma sha biyu, wadda ubansa ya tufka da hannunsa, ya yanka ta gunduwa-gunduwa yadda ba mai iya ƙulla ta. Duk unguwar ba wata igiya mai ɗaukar mutum sai ita. Sannan ya zauna a bakin ramin ya ƙi tashi har sai da aka jera azara aka rufe. Alhaji, da yake Bafulatani ba ya ganin igiya a ƙasa ya wuce, ya tsince guntayen ya je ya yi wa maruƙansa dangwali.

Bayan wata biyu ya ɗauko wani mahaƙi, suka koma ɗaya ƙarshen lambun, aka samu ruwa garau a gaba shida. Shi ke nan, gari ya yanke hukunci. Babarbare ya ga inuwarsa a rami ya tsorata, ya kuma yanke igiya don kada wani ya shiga a gane. Fitilar ma aka ce kananzir ne babu, ai an san Barebari da tsumulmula. Daga ranar ba wanda ya sake kiran Baba haƙa. Da zama ya gagara muka kwaso kaya muka dawo Azare, ya koma ɗinkin guga.

Da a ce zagi ne, da abin ya zo da sauƙi, don zagi ana ramawa a wuce wurin. To wasa ne. Tsakanin Fulani da Barebari ba a fushi, duk abin da abokin wasa ya gaya maka sai dai ka haɗiye ka nemi wadda ta fi ta. Kowace ranar kasuwa Alhaji zai kawo shanu Azare, kuma kafin ya nufi kara, kasuwar shanu, sai ya biyo ta layin masu guga, ya dogara sandarsa, ya ɗaga murya yadda har masu tukwane za su ji.

“Babarbare, a auna mini igiya gaba goma sha biyu. Wadda ba a yanka ba.”

Layi ya ɗauki dariya, Baba ma ya yi, ya ce wa Fulata, kamar yadda Barebari ke kiran Bafulatani, ya je ya wanke ƙafa tukuna kafin ya yi magana da ubangidansa. Haka suke, mako bayan mako. Ni kuwa abin yana cin raina. Allah ya yi ni da zuciya a kusa, ban ɓoye ba. A makarantar allo na taɓa fasa wa wata yarinya baki don ta kira ni 'yar mai gudun rijiya. Baba ya kama hannuna har gidansu ya sa na ba ta haƙuri, ya ce tunda Bafulatana ce tana da wannan damar. Na ba da haƙurin da baki, amma na riƙe abin a zuciya har na girma, na yi aure, na zama malamar labarin ƙasa a sakandaren 'yan mata.

Sai ga zancen iskar gas ya shigo. Rediyo ta ce an gano ta a ƙarƙashin ƙasar jiharmu, can kudu da mu, kuma masu bincike suna ƙara matsowa arewa. Ba a jima ba muka fara ganinsu a gonaki bayan an gama girbi, suna shimfiɗa wayoyi masu tsawon gaske, suna kafa wasu 'yan turaku jere da juna. Wata ƙatuwar mota takan tsaya ta sauke cikinta ƙasa ta yi ta gurnani, har Inna ta rantse ruwan randarta rawa yake yi. Kowa a Azare ya zama masani. 'Yan acaɓa suna nuna wa fasinja inda za a gina matata, mai shayin bakin layinmu ya ce shi tun tuni yake jin warin abin in ya yi sujada. Ɗan kudu mai igiya ne kaɗai bai ɗoki ba, ya ce a garinsu sun ga irin wannan, mu bi a hankali.

Wata rana shugabar makaranta ta ce wata daga cikin masu binciken za ta zo ta yi wa ɗalibai magana, kuma ajina za a kawo ta. Mace ce 'yar gajera, da hijabi da takalmin maza, sa'ata ko ta ɗan girme ni. Kowa Injiniya yake ce mata, ta gaji da cewa ita masaniyar duwatsu ce ta haƙura. Ta zana ƙwarya a allo, ta ce duk ƙasarmu har Tafkin Chadi haka take, wani babban kwari ne da ruwa da iska suka yi ta zuba wa yashi da laka, hawa bisa hawa, tun kafin a san da mutum. Ƙananan halittun da suka mutu aka binne su can ƙasa, zafi da nauyi suka dafa su suka koma iska, in ta samu laka mai kauri a samanta sai ta tsaya kamar tururi a ƙarƙashin murfi. Motar nan mai gurnani sallama take yi wa ƙasa, turakun kuma kunnuwa ne masu sauraron amsa. Shekara goma ina koyar da wannan darasi ban taɓa faɗinsa da sauƙi haka ba, har na ɗan ji haushinta.

Sai ta ciro wani ɗan curin ƙasa daga jaka, ta lasa, ta gatsa, ta murza da haƙoran gaba. Aji ya kaure da dariya, wata daga baya ta ce ko ciki gare ta. Ni ban yi dariya ba, Baba na tuna. Da aka tashi na tambaye ta, ta ce haka aka koya musu a jami'a, haƙori ya fi ido gane laka daga lallausan yashi. Ta ƙara da cewa tsofaffin mahaƙa rijiya take nema, don ƙasar sama-sama tana rikita musu amsar da ke dawowa daga ƙasa, masu haƙa burtsatse kuwa ba sa rubuta abin da suka ratsa. Na ce mata gobe da la'asar ta zo gidanmu.

Ta zo da 'yan ledoji kusan ashirin, kowace da ƙasa a ciki da rubutu a jiki. Baba ya fara noƙewa, ya ce shi ɗan guga ne. Ta buɗe leda ɗaya ta miƙa masa. Ya dube ta, ya dube ni, ya ɗiba ya sa a baki ya rufe ido. Ya ce wannan ta wajen Gamawa ce, ba ta wuce gaba biyar ba, kuma in aka ƙara uku za a tarar da tsakuwa. Ta juya ledar ta karanta, ta jawo littafinta ta gyara zama. Daga nan ba wanda ya ƙara tunawa da mu. Shi ya ɗanɗana, ita ta ɗanɗana, su yi musu, su tofar a kasko ɗaya. Inna ta yini tana dambun zogale don baƙuwa, ta zo ta ajiye ta tsaya tana kallo, ta ce ita dai ta ga ta kanta, ta yi girki baƙuwa da maigida sun zauna suna cin ƙasa. Tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya yi magana mai tsawo irin ta ranar ba.

A nan na saki labarin rijiyar Katagum. Baba ya harare ni, na yi kamar ban gani ba, na kwashe komai na faɗa, baƙar ƙasar, jirin, fitilar da ta yi shuɗi. Injiniya ta ajiye biro ta ce tana so ta ga wannan rijiya, ranar Asabar in Baba zai raka ta. Iyakar abin da ta ce ke nan, Allah shaida. Sauran ni na ƙara.

Tana fita na kira Goggo, ƙanwar Baba da ke Katagum. Na ce mata iskar gas ɗin da gwamnati take ta nema da motoci da wayoyi, Baba ya riga ya gano ta da harshensa shekara talatin da suka wuce, a rijiyar nan da ake masa dariya a kanta, kuma ranar Asabar masana za su zo su tabbatar. Na ce kada ta gaya wa kowa. Na san sarai wadda nake gaya wa, Goggo in ta ji magana da safe, kafin azahar kurame ma sun ji. So nake duk wanda ya taɓa yi mana dariya ya zo ya tsaya ya gani.

Ranar Asabar muka kama hanya a motar aikinsu. Baba ya sa farar rigarsa ta Juma'a, da muka wuce rabin hanya sai ya juyo gare ni. Sunan mahaifiyarsa gare ni, don haka ba ya kiran sunana.

“Uwata, me kika gaya wa mutane?”

Na ce ba wani abu ba. Ya ce to, ya mai da kai taga.

Tun daga nesa muka hango taro kamar ana ɗaurin aure. Masu rake sun kafa, masu awara sun kafa, har da mai tsire da tukubarsa. An kewaye tsohuwar rijiyar da sabuwar waya, Alhaji yana zaune a bakinta bisa kujerar roba, babbar riga fes, ana riƙe masa lema. Mutumin da ya shekara talatin yana cewa ba komai a ramin nan sai tsoron Babarbare, yanzu yana gaya wa jama'a cewa shi dama tun farko jikinsa ya ba shi akwai arziki a ciki, shi ya sa ya bar ta a rufe. Maƙwabcin lambunsa yana gefe yana kumfar baki, wai iska ba ta san iyakar gona ba, don haka shi ma da rabonsa. Da Baba ya sauko aka yo kansa ana gaisuwa, waɗanda suka daina kiransa aiki su ne kan gaba, ana cewa ai dama an sani. Ni kuwa ina biye da shi ina taku ɗai-ɗai, ina neman idon kowa.

Injiniya ta ga taron ta dube ni, na sunkuyar da kai na gyara mayafi. Ta sa aka kashe taba, aka kori mai tsire da wutarsa can bayan lambu yana ƙunƙuni, aka ja da jama'a baya, sannan ma'aikatanta suka ɗage azarar. Ta zura wani bututun ƙarfe da siririyar igiya, ya nutse a ƙasan ramin, aka jawo shi da baƙin taɓo a ciki. Ta fasa shi a tafin hannu, ta sansana, ta tsinci wani guntun ruɓaɓɓen kara ta nuna wa Baba, ya gyaɗa kai. Alhaji ya miƙe ya gyara riga ya ce a faɗa da ƙarfi kowa ya ji.

Ta faɗa da ƙarfi kuwa. Ta ce wannan ba ita ce iskar da suke nema ba. Tsohuwar fadama ce yashi ya binne, ciyawa da itacen da ke cikinta suka ruɓe suna fitar da iska, irin dai kumfar da ake gani tana tasowa a kududdufi. Wadda suke nema tana can ƙasa, gaba dubu da ɗoriya, inda dagin mutum bai taɓa zuwa ba. Wannan kam za ta kai ɗakin gwaji don cika aiki, amma ba mai sayenta, ba ta isa ta dafa wa gida ɗaya wake ba.

Mai riƙe wa Alhaji lema ya naɗe ta. Maƙwabcin lambu ya ce shi dama bai ce lallai da rabonsa ba. Alhaji ya kalli wayar da ya kewaye wurin da ita, ya kalli Baba, na ga tsokana tana taso masa tun daga ciki.

“Jama'a kun ji. Ashe tusar ƙasa ce ta kori Babarbare daga garin nan.”

Ban taɓa jin dariya irin wannan ba, har da masu faɗuwa ƙasa. Baba ma ya yi, kamar kullum. Amma ina kusa da shi, na ga ya cusa hannu cikin aljihun farar rigar ya kau da kai. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Shekara talatin ina jin haushin masu yi masa dariya, yau ni da kaina na tara masa su, na kuma ba Alhaji sabuwar sanda da zai yi ta dukansa da ita har kabari. Kuka ya zo mini, na danne shi don haushi.

Injiniya ba ta kula dariyar ba, aikinta take ƙarasawa. Ta ɗaura wata 'yar na'ura kamar rediyon aljihu ta fara zurawa a hankali, Baba yana ƙirga gaba da ido, leɓensa na motsi. Gaba huɗu shiru. A gaba shida na'urar ta fara tsuwa. Kafin takwas ta koma ihu ba ƙaƙƙautawa, har masu dariya suka tsaya suna tambayar mene ne. Ta jawo ta, ta daɗe tana kallon lambobin, sannan ta tambayi Baba tsawon wane lokaci ya yi a ƙasan bayan ya fasa baƙar ƙasar. Ya ce daidai ɗanɗanawa da girgiza igiya. Ta ce bayan ya fito wani ya shiga? Wani dattijo, yana share hawayen dariya, ya ba ta labarin igiyar tiryan-tiryan, har da dangwalin maruƙa, yana jiran ta dara.

Ba ta dara ba. Ta ce iskar da ke ƙasan ramin nan ba ta riƙe rai, kuma ranar da aka fasa ta sabuwa ta fi haka. Wanda ya sauka ba zai ƙarasa Fatiha ba zai zube, wanda ya bi shi don ya ɗauko shi ma zai zube a kansa, rijiya irin wannan da wuya ta tsaya a mutum ɗaya. Sannan ta tambaya, da gaske don ba ta sani ba.

“Wane ne ya so shiga?”

Duk kawuna suka juya wuri ɗaya. Alhaji ya buɗe baki, na san wasa yake nema, bai samu ba. Ya ce na'urar Nasara ce, a kawo fitila ya cika ta da kananzir da hannunsa a gwada. Injiniya ta ce ba mai kawo wuta kusa da ramin nan, wadda aka zura wancan karon ma Allah ne ya tsare. Ya tsaya yana kallon bakin rijiyar, sannan ya koma ya zauna a kujerar robar. Can ya ce a kawo shebur a cike ta yau ɗin nan. Baba ne ya tsaya a kan aikin, da farar rigarsa, yana hana matasa leƙawa.

A hanyar dawowa na ɗauka zai yi murna, ko ya yi mini faɗan taron da na tara. Faɗan ya yi, amma ba wanda na zata ba. Ya ce da na bar kaza cikin gashinta, yanzu ga shi na sa dattijo ya ji kunya a gaban jikokinsa. Na ce Baba, shi fa shekara talatin yana kunyata ka a gaban naka. Ya ce wancan wasa ne, wannan kuwa ba wasa ba ne.

Ranar kasuwa ta zagayo, Alhaji bai biyo ta layin masu guga ba. Ta sake zagayowa, shiru. An ce yana kawo shanu, sai dai ta bayan masu hatsi yake zagayawa. Na ɗauka Baba zai samu sauƙi, ashe ciwo na jawo masa. Ya koma faɗa da kowa, ya ɗinka guga biyu a karkace, ya kushe miyar Inna karo na farko tun da aka kawo ta gidan. Duk wanda ya shigo layin da sanda a kafaɗa sai ya ɗaga kai. In na gaishe shi sai ya amsa a gajarce. Sai lokacin na gane abin da na yi shekaru ina so in raba shi da shi, shi yake jira duk mako.

Mako na uku na je rumfar da kaina, da niyyar in Alhaji bai zo ba in bi shi har kara in durƙusa, duk da zuciyata ba ta so. Hantsi ya ɗaga sai ga shi, ba babbar riga, ba lema, da wani nannauyan abu a kafaɗa. Ya zo ya jefar da shi gaban Baba, igiyar rama ce sabuwa, kauri ɗaya da hannun yaro. Ɗan kudu ya tsallako ya ɗaga bakinta ya duba, ya ce wannan ba ta kanti ba ce, tufkar hannu ce. Na kalli tafin Alhaji, duk ya yi kanta ya fashe.

“Babarbare, ga igiyarka. Maruƙan sun girma, sun gama da ita.”

Baba ya miƙe ya kama bakin igiyar ya ware hannuwa, gaba ɗaya, ya saki ya kama gaba, masu tukwane da masu tabarmi suna taya shi ƙirga. Goma, sha ɗaya, sha biyu, igiya ba ta ƙare ba, sai da ta kai sha uku. Baba ya ce dama ya sani, Fulata in ba shanu ba ba abin da ya iya ƙirgawa. Alhaji ya ce igiya daidai take, da guntayen da suka rage ya auna, Babarbare ne ya tsufa hannunsa ya gaje. Aka yi dariya, su biyun ma suka yi.

Sai Alhaji ya matso ya zauna a bencin, ya rage murya, ni kaɗai da ke bayansu na ji.

“'Ya'yana goma sha ɗaya. Duk bayan ranar nan aka haife su.”

Baba ya sunkuya yana naɗe igiyar a gwiwar hannu, ya daɗe yana naɗin fiye da yadda take bukata. Da ya ɗago idonsa ya yi ja, ya ce mini, Uwata, je ki sayo wa bawan nan nawa fura, kar ya suma mana a rumfa. Na tafi sayen furar ina kuka a tsakiyar kasuwa, mai furar har tana tambayata wa ya rasu.

Masu binciken sun naɗe wayoyinsu sun yi gaba, har yau ba mu ji abin da ƙasa ta amsa musu ba. Igiyar tana nan rataye a ƙusa a gaban rumfar, inda kowa zai gani. Kusan kullum sai wani ya sayi guga ya nuna ta ya tambayi kuɗinta. Baba yakan ce wannan ba ta sayarwa ba ce, ya nuna masa rumfar ɗan kudu.